Tambaya da Amsa: Tuƙa Kayak a Kogin da Ya Kawo

Tun da damina ta kankama, wasiƙun da ke zuwa wannan fili daga Kumasi da kewayenta suka karkata ga batun ruwa, kuma da dama daga cikinsu sun taɓo wasan tuƙa kayak, wato siririn kwalekwalen roba mai cin mutum ɗaya, wanda ake bi da shi ta wuraren da kogi ke gangarowa kan duwatsu yana farin kumfa. Na fara da wasiƙar da ta fi tayar mini da hankali, kuma ita na fi bai wa wuri.

Tambaya, daga wani matashi a Aboabo: Malam, ni da abokaina biyu mun daɗe muna kallon bidiyon masu kayak a intanet, har ɗayanmu ya sayi kwalekwalen na hannu tare da filafilinsa. Mun yi shawarar mu gwada shi a kogin Offin a watan Yuni, lokacin da ya cika, domin a ganinmu ruwa zai rufe duwatsu, babu abin da za mu yi karo da shi. Dukanmu mun iya iyo. Shin lissafinmu daidai ne?

Amsa: Ɗana, lissafin bai yi daidai ba, kuma ina roƙonku da ku janye wannan shawara. Kogin da ya kawo ba shi ne kogin da kuka sani da rani ba, ko da sunansa ɗaya kuma gadar da ke kansa ba ta canja ba. Ka fara da nauyin ruwan kansa. Ruwan da zai cika akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi nauyinsa kilo 1,000 ne, daidai da buhun siminti 20, kuma kogin da ya cika yana tura irin wannan akwati da yawa a kowace daƙiƙa. Ƙarfin da ruwa ke danna abu da shi kuwa ba tafiya ɗaya yake yi da saurinsa ba: idan saurin ya ninka sau biyu, ƙarfin dannawar sau huɗu yake ninkawa. Shi ya sa mashigin da yaro ke ƙetarewa da ƙafa a watan Fabrairu yake kayar da ƙato a watan Yuni.

Duwatsun da kuke murnar ruwa ya rufe suna nan inda suke, aikinsu ne kawai ya sauya. Idan ruwa mai yawa ya haye kan babban dutse ya zubo ta bayansa, yakan haƙa rami a cikin ruwan, na saman ya riƙa komawa baya yana murɗawa, ya riƙe duk abin da ya faɗa ciki, kwalekwale ne ko mutum, yana nutsar da shi yana ɗago shi yana sake mayar da shi. Farin kumfan da ke wurin cike yake da iska, saboda haka ba ya ɗaukar jiki kamar ruwa zalla, filafili ma ba ya samun abin kamawa a cikinsa. Mafi munin irin wannan rami shi ne wanda ke ƙasan gajeriyar madatsar kankare da aka gina daga gaɓa zuwa gaɓa, domin shi ba shi da gefen da mutum zai zame ya fita, kuma daga sama ba a ganin komai sai layi ɗaya miƙaƙƙe a kan ruwa.

Akwai abin da bidiyo ba ya nuna muku, kuma shi ne ginshiƙin wasan gaba ɗaya. Mai kayak ba ya sauka kogi a tashi ɗaya. Bayan kowane dutse da ya fito sama, da kuma cikin kowace kwana, akwai ɗan wurin da ruwa ke lafawa yana juyawa a hankali, kuma daga irin wannan mafaka zuwa wata yake tafiya: ya tsaya, ya numfasa, ya leƙa gaba, in bai gamsu ba ya fito ya duba da ƙafa ko ya ɗauki kwalekwalensa a kafaɗa ya kewaye wurin. Idan kogi ya kawo, waɗannan mafaka su ne farkon abin da ke ɓacewa. Wuraren haɗari da a da akwai tazara tsakaninsu sai su haɗe su zama ɗaya mai tsawo, gaɓar da za ka fita ta kanta kuma ta nutse, ruwa ya shiga cikin bishiyoyi da gora da gonakin koko yana gudu a tsakaninsu. Bishiyar da ta faɗi cikin ruwa mai gudu tana barin ruwa ya wuce ta tsakanin rassanta, amma ba ta barin mutum, sai ta riƙe shi ruwan kuma ya danne shi a jikinta, kuma babu ƙarfin damtsen da ke cire mutum daga nan. A bayan kwana, inda ruwa ya fi gudu kuma ya fi cin gaɓa, nan bishiyoyi suka fi faɗawa, kuma nan ne ruwa zai kai wanda bai iya sarrafa kwalekwale ba.

Ga kuma abin da ya keɓanta da kogunanmu. Offin da Pra da Birim da Ankobra duk galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ta taɓa su, kuma kowa ya ga launin ruwansu. Mai kayak da ido yake karanta kogi, ta launin ruwa da siffar igiyarsa yake gane abin da ke ƙasa, wanda kuwa ya shiga ruwan da ya zama taɓo ya rasa rabin wannan karatu. Masu haƙar zinariya sun sauya wa gaɓoɓi siffa, sun bar ramuka masu zurfi da ambaliya ke haɗewa da kogi, sun bar ƙarafan injuna da igiyoyi da bututu a cikin ruwa. Ka ƙara da gajerun gadoji da kwalbatoci, waɗanda da rani ake wucewa ta ƙarƙashinsu a zaune, da damina kuwa ruwa ke taɓa cikinsu. Wanda ya kife a irin wannan ruwa zai kuma sha shi, ya shiga idonsa da duk wani ciwo da ke jikinsa.

Batun iya iyo kuma, ina so ka fahimce shi sosai. Mutane da yawa da ruwa ya ci a cikin ambaliya ba wani abu ne ya maƙale su ba. Ruwa ne ya yi ta tafiya da su, igiya ta rufe su, su ɗago su shaƙi rabin numfashi, wata ta sake rufe su, har ƙarfi ya ƙare, kuma wannan yana faruwa har ga wanda ke sanye da rigar kariya. Iyon da aka koya a tafki ko a wurin wanka na otal ba ya shirya mutum ga wannan. Kayak ɗin da ya cika da ruwa kuma nauyinsa kan kai kilo 300, mutum uku da ke da kwalekwale ɗaya kuwa ma'anarsa ita ce biyu suna tsaye a gaɓa suna kallo, ba su da abin da za su bi na ukun da shi.

Ka dubi yadda gwanaye suke yi. A kogin Zambezi, ƙasa da babbar magangarar ruwa ta Victoria da ke kan iyakar Zambiya da Zimbabuwe, akwai kamfanonin da suka shekara da shekaru suna saukar da baƙi, da ƙwararrun matuƙa da kwalekwalen ceto. Duk da haka idan ruwa ya ƙaru sukan bar sashen sama su fara daga ƙasa, idan ya kai ƙololuwa kuma sukan dakatar da aikin har ya ja, akwai ma wurin da ko da ruwa ya yi ƙasa sauke baƙi suke yi a kewaye shi da ƙafa. Mutanen da wannan ne abincinsu, kuma kowace rana ta hutu asara ce a gare su, sun yarda su jira. Ku da ba ku taɓa kifewa da kayak kun tashi ba kun fi su buƙatar jira.

Tambaya, daga wani ɗalibi a Ayigya: Ina jin masu wannan wasa suna cewa wuri kaza mataki na uku ne, wuri kaza na biyar. Wa ya raba matakan, kuma za a iya dogara da su?

Amsa: Ma'auni ne mai mataki 6 wanda ƙungiyar masu wannan wasa ta Amurka ta tsara, kuma ƙasashe da yawa suna aiki da shi. Na 1 ruwa ne mai tafiya da ƙananan igiyoyi. Na 2 yana da hanya a fili wadda ake gani daga cikin kwalekwale. Na 3 yana buƙatar iya juyawa da sauri cikin ruwa mai ƙarfi. Daga na 4 ba a shiga sai an fito an duba, kuma dole mutum ya iya tayar da kwalekwalensa idan ya kife ba tare da ya fita daga ciki ba. Na 5 na gwanayen gwanaye ne, inda ceto ke da wuya ko ga ƙwararru, na 6 kuwa yawanci ba a shiga shi sam.

Sai dai lambar tana bayanin kogi ne a wani ma'aunin ruwa, ba a kowane lokaci ba. Wurin da aka rubuta masa 2 zai iya zama 4 bayan ruwan dare ɗaya, ko kuma bishiya ɗaya ta faɗi ta mayar da shi wurin mutuwa lambar tana nan yadda take. Ana kuma ɗaukar wuri da muhimmanci fiye da lambarsa idan yana nesa da hanya da asibiti, wanda shi ne halin yawancin kogunanmu. Abin da ya fi lamba amfani shi ne sanin ko kogin yana hawa ne ko yana sauka. Ka kafa sanda a bakin ruwa ka dawo bayan rabin sa'a, ko ka sa ido kan wata alama a jikin ƙafar gada. Idan ruwan yana cin sandar, launinsa yana ƙara duhu, itatuwa da shara suna wucewa a kansa, to kogin yana hawa, kuma ba a shiga kogi mai hawa. Kada sararin sama ya ruɗe ka, domin ruwan da aka yi a can sama yakan ɗauki sa'o'i ko kwanaki kafin ya iso. Madatsu ma suna da nasu lokaci: kusan kowace shekara, wajen Agusta ko Satumba, ana buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso, Farar Volta ta cika a arewacin Ghana, kuma ba mu manta da ambaliyar da ta samu garin Mepe da maƙwabtansa ba bayan da aka fara sakin ruwan Akosombo da Kpong a ranar 15 ga Satumba, 2023. Sanarwar VRA, hukumar da ke kula da madatsun Akosombo da Kpong, da ta NADMO, hukumar agajin gaggawa, da ta hukumar hasashen yanayi wani ɓangare ne na shirin duk mai shiga ruwa.

Tambaya, daga wata uwa a Asawase: Ɗana mai shekara 19 ya nace sai ya koyi wannan tuƙi. Mahaifinsa ya ce a hana shi kawai, ni kuma ina tsoron ya je a ɓoye. Me za ka ba ni shawara?

Amsa: Hajiya, tsoronki yana kan hanya, kuma a ganina sharaɗi ya fi hani amfani a nan, domin yaron da aka hana yakan tafi ba riga ba malami, ya kuma zaɓi ranar da ba wanda ya san inda yake. Wasan kansa ba hauka ba ne. An fara yin tserensa a gasar Olamfik ta 1972 a Jamus, ya dawo a ta 1992 a Sifaniya, kuma tun daga nan bai sake fita ba. Yana koya wa matashi natsuwa da haƙuri da kula da ɗan uwansa, idan aka bi shi ta ƙofa.

Ƙofar kuwa ita ce ruwa mai kwanciya. Mu a Kumasi muna da tafkin Bosomtwe, kimanin kilomita 30 daga gari, inda babu gudun ruwa, ko da yake yana da zurfi ƙwarai, don haka a tsaya kusa da gaɓa, a kuma tambayi mutanen garuruwan da ke bakinsa ƙa'idojinsu, domin tafki ne da suke girmamawa, masuntansu ma a kan katako suke kamun kifi. A irin wannan ruwa zai koyi iyo na gaske, ya koyi tuƙi a miƙe da juyawa, sannan ya koyi abin da ya fi kowane muhimmanci, wato fita daga cikin kwalekwale idan ya kife. Mai kayak yana zaune ne da wani mayafin roba da ke ɗaure a ƙugunsa, wanda aka ɗame a bakin kwalekwalen don hana ruwa shiga, kuma akwai ɗan madauki a gabansa da ake fizgewa a fita. Wanda ya manta ya tura madaukin ciki lokacin ɗamewa zai tsinci kansa a kife, kai a ƙasa, yana lalube cikin duhu bai samu abin ja ba. Wannan fita sai an maimaita ta, da mutum tsaye a gefensa cikin ruwa iya ƙugu, har hannu ya riƙa zuwa wurin da kansa. Bayan haka ne ake koyon tayar da kwalekwalen da ƙugu da filafili, kuma sai duk wannan ya zauna ake maganar kogi, shi ma da rani, a wuri mai sauƙi, tare da wanda ya san wurin.

Ki ɗora masa waɗannan sharuɗɗa, ke da mahaifinsa da murya ɗaya. Ba zai shiga ruwa ba sai da rigar kariya daidai jikinsa, wadda idan aka kama kafaɗunta aka ja sama ba ta haye masa kunne, da hular kwano ta ruwa mai maɗauri a haɓa, da takalmi mai kama ƙafa, da usur a jikin rigar. A kogi ba za su gaza kwalekwale uku ba, saboda idan ɗaya ya samu matsala, ɗaya ya tsaya da shi, ɗaya ya nemo taimako. Zai gaya miki inda za su shiga, da inda za su fito, da lokacin da za ki fara nemansa. Ki kuma sani cewa ruwanmu yana da nasa mazauna: akwai dorina a Baƙar Volta, wajen Bui da Wechiau, akwai kada a wurare da yawa, kuma a 2010 kada ne ya kashe Hendri Coetzee, ɗan Afirka ta Kudu da ke cikin fitattun masu kayak na nahiyar nan, a kogin Lukuga na Kwango. Tsargiya ma tana nan a ruwan da ba ya gudu, musamman yankin tafkin Volta, don haka idan ya ga jini a fitsari ko zazzaɓi ya kama shi bayan shiga ruwa, ya je asibiti ya faɗi inda ya shiga.

Tambaya, daga wani dattijo a Alabar: A Yeji na tashi, kuma na ga masunta da 'yan fito sun tsufa a kan ruwa ba su taɓa sa wata riga ba. Ashe ba wanda kwanansa ya ƙare ne ruwa ke ci ba?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Babu musu cewa rai a hannun Allah yake, kuma babu mai raina sanin masunta, domin abin da nake ta roƙon yaran nan su koya, wato karanta ruwa da sanin ranar da ba a fita, masunci ya gaje shi tun yana goye. Amma ku da kuka zauna a Yeji kun fi ni sanin jiragen da suka kife a tafkin Volta, wani saboda lodi ya yi yawa, wani saboda iska, wani kuma ya ci karo da kututturen bishiyoyin da ruwa ya rufe tun da aka gama Akosombo a 1965, kuma kun san cewa a irin waɗannan ranaku mata da yara da fasinjojin da ba su iya iyo ba su ne suka fi tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021, kuma yara da matasa ne kaso mai yawa a cikinsu. Malamanmu sun karantar da mu cewa ana ɗaure raƙumi ne sannan a yi tawakkali, kuma rigar kariya tana cikin wannan ɗauri. Maganar dattijo irinku a tashar jirgi, cewa a ba kowane fasinja riga kafin a tashi, ta fi tawa nauyi nesa ba kusa ba.

Tambaya, daga wata malamar makaranta a Sawaba: Mu ba wasa ne ke kai mu ruwa ba, ruwan ne ke zuwa mana duk damina. Idan muka ga ya ɗauki mutum, me ya kamata mu yi?

Amsa: Malama, abin da masu kayak suke koya game da ceto ya shafi rafin Aboabo da Subin da kowace babbar magudana a garin nan. Abu na farko shi ne kada a faɗa ruwa a bi shi, domin sau da yawa gawa biyu ake ɗaukowa a inda da mutum ɗaya ne ke cikin haɗari. A kira 112 nan take, a sa wani ya tsaya yana nuna mutumin da hannu don kada a ɓace shi, wasu kuma su ruga gaba ta gaɓa, saboda ceto daga ƙasa ake yin sa, ba daga inda ya faɗa ba. A miƙa masa gora ko doguwar sanda, mai miƙawa yana kwance ko wani yana riƙe da shi, ko a jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa, kamar jarkar da babu komai a ciki an rufe bakinta. Idan igiya za a jefa, a jefa ta ta haye shi, mai riƙewa ya zauna ya kafa ƙafa, ya bar ruwan ya karkato da mutumin zuwa gaɓa. Kada a ɗaura igiyar a ƙugu ko a naɗe ta a hannu, na mai ceto ko na wanda ake ceta, domin igiyar da aka ɗaure a ruwa mai gudu ƙasa take jan mutum.

Ki koya wa ɗalibanki abin da za su yi idan su ne a ciki. Su kwanta rigingine, ƙafafu a gaba suna kallon inda ruwa ya nufa, yatsun ƙafa a sama, su riƙa tuƙi da hannu suna karkata zuwa gaɓa. Kada su yi ƙoƙarin tsayawa a ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa, saboda ƙafa kan maƙale tsakanin duwatsu ko ƙarafa, ruwa ya kifar da mutum ta fuska ya danne shi. Idan ruwa ya nufi bishiya da su kuma babu hanyar kaucewa, su juya su yi iyo da ƙarfi kai a gaba, su haye kanta, kada su bari a tura su ƙarƙashinta. Su kuma sani cewa ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babba, na santimita 60 kuwa yana tafiya da yawancin motoci.

Idan an fito da mutum ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a fara da hura masa iska ta baki, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30 a hura sau 2, a ci gaba da haka har taimako ya iso. A daina ɗaga mutum ƙafa sama ko danna masa ciki wai don ruwa ya fita, domin ɓata lokaci ne kuma yana jawo amai ya toshe hanyar numfashi. Wanda ya farfaɗo ma a kai shi asibiti a ranar, ko da ya ce ya warke, saboda ruwan da ya shiga huhu yakan tayar da matsalar numfashi bayan wasu sa'o'i.